Mai Kai Labarin Rasuwa

A ikilisiyarmu kowa da baiwarsa. Akwai masu waƙa, akwai masu wa'azi, akwai wani dattijo da baiwarsa ita ce barci a bencin gaba ba tare da ya faɗo ba. Ni tawa fuska ce. Allah ya yi mini ita doguwa, a rataye, ko ranar aurena sai da wata baƙuwa ta matso ta ce in yi haƙuri. Saboda haka duk wanda ya rasu a asibiti ko a hanya, ni ake aikawa in gaya wa iyalinsa.

Sana'ata gyaran keken ɗinki, amma wancan aikin ya fi fito da ni. Har tsari na yi masa. Ba ka shiga da sauri. Ka nemi ruwan sha, don mutum ya ajiye wuƙa ko almakashin da ke hannunsa. Ka sa ya zauna. Ka ce jiki ya tsananta, ka ɗan jira, sannan ka faɗa ba kwana-kwana. A ƙarshe addu'a. Addu'ar nan ta zauna mini a baki har ina iya yin ta ina tunanin bel ɗin keken da na bari a shago. Da gwiwoyina suka fara ciwo, sai na koya wa sabon Fasto da wani dattijonmu da muke kira Tsohon Soja.

Ran nan 'yarmu Auta tana asibiti. Ita kaɗai ta rage mana, yayanta ya rasu a hatsarin mota shekarun baya. Naƙuda ta zo mata kafin lokaci, mijinta ya kai ta da safe, ya ce kada a tayar wa uwarta da hankali sai an sauka. Ina shago, na kwance kan wani tsohon keke, sukurori a jere a murfin gwangwani, sai na hango Fasto da Tsohon Soja suna tahowa. A hankali suke tafiya. Tsohon Soja kuwa ko coci da gudu yake shiga.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Fasto. "Ko za mu sami ruwa?"

Na dubi sukundireban da ke hannuna. Ban ajiye ba.

"Randa na can. Kun san hanya."

"Ka ɗan zauna mana."

"A zaune nake, Fasto. Tun safe."

Ya dubi Tsohon Soja, Tsohon Soja ya dubi rufi. Na ci gaba da ɗaure sukurori. Na tambaye su rufin cocin da ke yoyo, na tambayi ciwon bayan matar Soja. Na san muddin ba su faɗa ba, 'yata tana nan da rai a shagon, tsakanin kwalbar mai da tarin allurai.

"Jiki ya..." Fasto ya fara.

"Ka cika sauri. Ba haka na koya maka ba."

Tsohon Soja ne ya zare sukundireban daga hannuna. "Mai-Keke, bari haka. Auta ta tafi. Jini ne ya ƙi tsayawa. Yaron yana nan, sun sa shi a kwalbar bakwaini."

Fasto ya yi addu'a. Tawa ce, kalma bayan kalma, har inda nake ɗan tsayawa in ja numfashi. Ban taɓa jin ta daga wannan ɓangaren ba. Kamar a ba mai jin yunwa hoton abinci.

Da ya gama, suka tsaya suna murza hannu. Na gane sauran.

"Mama ba ta sani ba tukuna," in ji Fasto. "Mun ga kamar kai ne..."

"Ni ne gwani. Na sani."

Na sami matata a tsakar gida tana shanya kayan jarirai a igiya, ƙananan riguna da ta ɗinka da kanta daga ragowar yadi. Ta juyo ta ga fuskata. Kowa a garin yana tsoron fuskar nan ban da ita, ita kam ta saba. Amma yau ta daɗe tana kallo.

"In ka ce in ba ka ruwa, sai na watsa maka shi," ta ce.

Sai na faɗa mata a tsaye. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin baho, riga ɗaya a jiƙe a hannunta tana ɗiga a ƙafarta.

"Baban Auta. Abin nan da kake gaya wa mutane, cewa Allah yana tare da mu, cewa za a sake saduwa. Ka yarda da shi, ko aiki ne kawai?"

Na nemi amsa mai kyau. Ina da su da yawa, duk na ba wasu.

"Yau ban ji komai ba," na ce. "Kamar ina buga ƙofar gidan da aka tashi. Amma ban san wata ƙofar ba. Kuma in babu kowa a ciki, to, ban san wa zan yi wa fushin nan ba."

"To yi masa. Ina ji."

Na durƙusa a kan sumunti, gwiwoyina suka yi ƙarar da suka saba. Na ce, "Yesu, biyu ka ba mu, biyu ka ɗauka. Ban gane ba, kuma ba zan ce na gane ba. Ga mu nan dai. Ba mu tafi ba." Na jira ko wani abu zai biyo baya. Babu.

Ta ce amin, can ƙasa, kamar ana ciro shi daga rijiya.

Sannan ta miƙe ta bi igiyar tana taɓa rigunan ɗaya ɗaya, tana sauke waɗanda suka bushe. Ta cusa su a leda ta miƙo mini.

"Tashi, in za ka iya tashi. Yaron can ba shi da ko hula."