Sandar da Aka Cire

Rahmat ta ja ƙafar bencin da ke cikin zanen da linzamin kwamfuta, ta kai ta daidai ramin da ta zana a ƙasan katakon zama. Ƙafar ta shige tsaf, ba ko tazarar gashi. Sannan ta ɗauko sandar da za ta riƙe ƙafafun biyu, ta juya zanen don Alhaji Mahfuz ɗan kwangila ya gani da kyau.

"Wannan sandar ta mene ce?" ya tambaya, yana nuna allon da makullin motarsa.

"Ita ke hana ƙafafu buɗewa, Alhaji. Yara huɗu za su zauna, kuma yara ba sa zama shiru."

"Cire ta. Ramukan nan ma ɓata lokaci ne, a buga ƙusa kawai. Bencin firamare ne, ba gadon amarya ba."

Mahaifinta Madu yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa duk garin katako. Shekara talatin yana kafinta a Gamboru, kuma shi ya sayar da filinsa ta yi karatun zane. Tun da ambaliya ta ci injinansa biyu, aiki babba bai sake shigowa shagon ba sai yau.

Rahmat ba ta yi gardama ba. Ta cire sandar a zanen, ta ɗora wa bencin nauyin yara huɗu. Nan take mahaɗar ƙafafun ta koma ja a allon, alamar za ta karye.

"Ka gani, Alhaji. Ba zai kai ƙarshen zangon karatu ba."

"Ranar miƙawa kawai nake so ya kai." Ya juya ga Madu. "Malam Madu, kai ne mai shago ko ita?"

Rahmat ta san buhun gero ya kusa ƙarewa a gida, haka ma maganin hawan jinin mahaifiyarta. Duk da haka ta mayar da sandar inda take.

"Baba, in ka ce a cire, sai dai wani ya cire. Ni hannuna ba zai yi ba."

Madu ya matso ya duba allon. Sannan ya kakkaɓe hannunsa a jikin riga.

"Alhaji, yadda ta haɗa, haka za mu yi."

Alhaji Mahfuz ya yi dariya, ya ɗauki takardar zanen da aka buga masa, ya soke sandar da biro. Kafin la'asar wani shago ya karɓi aikin.

* * *

Wata huɗu bayan haka, Malama Ketura, wata malamar firamare da ta ji labarinta, ta aiko a kira ta. Rahmat ta je da mahaifinta, da zarto da kwalbar gam.

A bayan azuzuwa suka tarar da bencinan da wancan shagon ya yi jibge, ƙafafu a wargaje, ƙusoshi a waje. Fentin ko dushewa bai yi ba.

"Jiya ƙusa ta yaga wa wata yarinya cinya," in ji Malama Ketura. "Mun rubuta wa hukuma takardar koke sau uku, shiru."

Rahmat ta tsuguna, ta fara ware masu gyaruwa gefe guda. "Baba, daga kowane uku za mu fitar da biyu masu ƙarfi. Na ukun mu yanka shi sanduna."

Madu ya naɗe hannun riga.

Ta tagar wani aji Rahmat ta hango yara zaune a kan siminti. Wata yarinya da bandeji a ƙafa ta ɗora guntun katakon benci a gwiwa, ta duƙa a kansa tana kwafar darasi.