Ƙasar Farko

Ledar da ke kan kujerar ma ba a cire ba. Duk kwanar da motar ta sha sai Limpho ta zame a kanta, ledar tana ƙara kamar ana murza takardar alewa. Yayanta Motlatsi ne ya hana a cire. Shi ne kuma ya sa ta tura bargonta cikin but ɗin motar, wai warin hayaƙi zai kama kujerun.

Motar ja ce, mai kujera biyu, irin ta tsere, cikinta kamar zai shafi kwalta. A makon da ya karɓo ta daga Bloemfontein mahaifinsu ya rasu, yau Asabar kuma za a binne shi a ƙauyensu da ke Mokhotlong. Dangi sun wuce tun jiya a bas, amma Motlatsi ya ce ba zai shiga ƙauye a matse tsakanin buhunan kabeji ba. Limpho ta tsaya ne don mahaifiyarsu ta roƙe ta ta taho mata da shi. Shi ne babban ɗa, shi zai fara zuba ƙasa a kabari kafin wani namiji ya taɓa shebur. In bai zo ba ɗan baffansu zai zuba, maganar kuwa har jikoki sai sun ji ta.

Da suka fara hawan dutsen Moteng dusar ƙanƙara ta rufe duwatsu fari fat. Motlatsi yana ta ba ta labarin ƙarfin injin, yana taka mai don ta ji kukansa.

"Tsoho ya ce ko jaki ba zan mallaka ba," in ji shi. "Yau ƙauyen nan zai gani."

"Abuti," in ji Limpho, wato yaya a harshensu, "shi fa ba zai gan ta ba."

Sai ya ƙara wa motar giya.

A wata kwana da rana ba ta kai ba, kwaltar tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Ya taka birki, motar ba ta san yana yi ba. Bayanta ya juya a hankali, Limpho ta ga ramin kwari ya wuce ta gaban gilashi, sannan dutse. Suka zame cikin lambatu suka tsaya, hancin motar yana kallon inda suka fito.

Kafin ya tambaye ta ko ta ji ciwo, sai da ya fita ya durƙusa yana shafa ƙarcen da ke jikin ƙofa. Ta tura, ya taka mai, tayoyin suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa mata ƙanƙara a siket. Ana cikin haka mahaifiyarsu ta kira. Limpho tana jiyo waƙar mata a bayanta. Mahaifiyar ta ce an fito da akwatin gawa, limamin coci ya iso, baffansu ya fara duba agogo.

Can sai ga wata akori-kura ɗauke da ciyawar tumaki, tayoyinta naɗe da sarƙa. Direban, wani dattijo mai suna Ntate Mohapi, ya leƙo daga cikin bargonsa.

"Wannan amaryar taka a takalmin biki ka fito da ita, ɗana?"

Ya ɗauko igiya zai ja su, Motlatsi ya ƙi, ya ce gaban motar zai ɓalle. Dattijon ya ce to su shigo, ta hanyar ƙauyensu zai bi, in ba a tsaya ɓata lokaci ba za su sami jana'izar. Motar kuwa a bar ta har rana ta narkar da hanya.

Motlatsi ya dubi kwanar, ya dubi motar. Ya ce babbar motar farko da ta zame a nan, a kan motarsa za ta ƙare. Hannunsa yana kan murfin injin, yana rawar ɗari cikin baƙar kwat ɗinsa mara kauri.

"Abuti, Mama na jira."

"Kira ta, ki ce a dakata."

"Mutane suna tsaye cikin sanyi tun safe. Ramin ma da ƙyar aka haƙa shi."

"Su jira mana, Limpho. Ai tsoho ba inda za shi."

Ntate Mohapi ya kawar da kai, ya shiga naɗe igiyarsa.

Limpho ta tsaya tana kallon yayanta. Yana da goshin mahaifinsu, har da jijiyar nan da ke tashi in ya kafe a kan magana. Ta zagaya ta buɗe but, ta ɗauko bargon. Na mahaifinsu ne, shi ya ba ta shekarar da za ta tafi jami'a, har yanzu yana ƙanshin hayaƙin ɗakinsa. Ta ninke shi ta ajiye a kujerar direba, ta haye akori-kurar ta ja ƙofa.

Sarƙoƙin suka fara cizon ƙanƙara. Ta madubin gefe ta hango shi ya ɗauke bargon ya ɗora a kan dutse, ya sunkuya yana goge kujerar da hannun kwat ɗinsa. Sai kwanar ta rufe shi.