Gurnanin Hawa na Goma

Ni dai kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Tun ina amarya nake zaune a hawa na tara na ginin nan namu da ke Park Avenue, na san kukan kowane bututu da ke cikin bangonsa. Saboda haka da na fara jin wani gurnani a saman kaina da hantsi, ya tsaya ya sake ɗauka, can ya koma karkarwa har kofunan da ke kabad ɗina su riƙa gaisawa da juna, ban tsaya tambayar kowa ba. Injin wanki ne.

A gininmu kuwa injin wanki haramun ne. Tun kafin yaƙin duniya aka gina shi, bututun ciki sun tsufa, ba su jure wahala. Mai wanki sai ya aika da kayansa ɗakin wanki na can ƙasa, inda masu aikin gidaje ke haɗuwa, suna wanki suna gulmarmu. Wanda ya kafa dokar kuwa shi ne Thaddeus Brockway, tsohon lauya, wanda ya daɗe yana shugabancin kwamitin gida har ya sauka bara, wai don ya huta. Shi da matarsa Cornelia ne a samana, hawa na goma.

Ina da jiƙaƙƙiya da mutumin nan. A nan ko kana da dukiyar duniya ba ka sayen gida sai kwamiti ya zaunar da kai ya ƙare maka kallo, in ya ƙi ka kuma ba ya faɗin dalili. Lokacin da gidan hawa na huɗu ya fito kasuwa, 'yata Daphne da mijinta Ilya suka nema, don yara su tashi kusa da ni. Aka kira su, aka ba su shayi, aka ƙi su. Suka tattara suka koma can birnin Seattle mai nisa, jikokina suka zama na cikin waya. Babu irin zargin da ban yi ba. Na ce don Ilya makaɗi ne. Na ce don sunansa bai yi kama da namu ba. Na ce don yaran ne. Ranar da na tare Thaddeus a cikin lif, gyara wuyan rigarsa kawai ya yi ya ce, "Kwamiti ba ya bayar da dalili, Muriel."

To yau ga mai doka yana karya doka a kan kaina. Daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba.

Na sa musu ido. Cornelia ta sallami mai aikinsu ba ta ɗauki wata ba. Jakar wanki ta daina sauka daga hawa na goma. Thaddeus da ba ya fashin zuwa kulob ya daina fita, in an tambaya sai Cornelia ta ce littafi yake rubutawa. Wane littafi? Mutumin da ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya bayar. Ana cikin haka wani tabo ya fito a silin ɗin falona, daidai kan furannin da aka sassaƙa tun zamanin ginin, launin ruwan shayi. Na kira Mista Gjoni mai kula da gini, ya ɗaga kai ya duba.

"Madam, ruwa ne daga sama. In hau in duba?"

"Dakata," na ce. "Ni zan fara hawa."

Na san abin da zai biyo baya idan Gjoni ya hau: a ciro injin a idon kowa, a kira sunan Brockway a taron kwamiti. Amma kafin nan ina so in ga fuskarsa da idona.

Washegari na jira sai da gurnanin ya kankama, sannan na hau. Cornelia ta buɗe ƙofa kaɗan, ta toshe wurin da jikinta. Matar da ban taɓa ganin ta babu jan baki ba, ga ta gashi a hargitse, hannun riga a naɗe.

"Muriel! Lafiya da hantsin nan?"

"Lafiyar ke nan. Na zo gaida marubuci ne. Injin buga littafin ne ke girgiza mini kofuna?"

"Wane inji? Ƙila na maƙwabta ne."

"Haba Cornelia. Da ni da ke ba yara ba ne. Ko ki matsa in shiga, ko Gjoni ya zo da mabuɗinsa."

Ta matsa. Na bi ƙarar har ɗan ɗakin mai aiki da ke bayan kicin. Ga injin nan an lulluɓe shi da mayafin tebur, yana ta rawar ɗari. Na buɗe baki zan yi maganar da na shirya, sai wani wari ya riga ni. Zannuwan gado ne jibge a ƙasa, wasu a shanye a kan ƙofa, wasu a jiƙe a bokiti, da wandunan barci na namiji. Duk wadda ta raini yaro ta san wannan zarnin.

"Kin gani, hankalinki ya kwanta," in ji Cornelia. "Kullum sai na canza, wani lokaci har da rana. Idan zannuwan nan suka sauka ƙasa, kafin yamma mai gadin ƙofa ma ya sani. Mutumin da ginin nan ke tsoro, Muriel. Ki bar masa wannan mutuncin kawai."

Tausayi ya so ya kama ni, na hana shi. Matar lauya ce fa. Wa ya sani ko sun ji takuna ne suka shirya mini wasan kwaikwayo?

"Ina yake? Sai na gan shi."

Yana ɗakin cin abinci, a kan kujerar da ke kan gaba, cikin kwat da laktaye, ƙafarsa da silifas. Kujerun da ke gefensa duk babu kowa. Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon nan nasa.

"Zauna, Madam. Sauran 'yan kwamiti suna tafe. Kina da kare?"

"Thaddeus, ni ce."

"Kina kaɗa piyano? Kina yawan baƙi?"

Na zauna ina kallon ƙwayar idonsa, ina neman inda ƙaryar za ta leƙo. Sai dabara ta zo mini. Thaddeus mai hankali ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai faɗi abin da aka yi a kwamiti ba.

"Ba gida nake nema ba, ranka ya daɗe," na ce. "Maganar wata yarinya ce da kuka ƙi. Daphne, matar makaɗin nan. Me ta yi?"

Fuskarsa ta washe kamar an ambaci tsohon aboki. Ya waiga hagu da dama, ya sunkuyo.

"Daphne! Yarinyar kirki. Mijin ma ba laifi, ni har na so shi. Kada ki faɗa wa kowa." Ya ƙara rage murya. "Uwar ce. Ta hawa na tara. Matar nan kunnenta kullum a jikin bango, ba wanda zai yi tari ba ta kawo ƙara ba. Muka ce idan yarinyar nan ta shigo, uwar ba za ta bar ta ta sha iska ba, auren ma sai ya mutu. Kowa ya ɗaga hannu. Taimakon ta muka yi."

"Thaddeus, ya isa," in ji Cornelia daga bakin ƙofa.

"Kowa?" na ce.

"Kowa da kowa." Ya jingina, ya gyara laktaye. "Za mu neme ki, Madam."

Ban san yadda na miƙe ba. Fushi nake nema in riƙe, na lalube shi ban samu ba, sai kunya. Ba wasa yake yi ba, tsufa ne ya ruɗa masa hankali. Ina ma wasan ne.

Cornelia ta biyo ni har ƙofa. Ba ta roƙe ni ba, ba ta ba ni haƙuri ba, ta tsaya kawai tana goge hannu a jikin rigarta. A bayanta injin ya shiga karkarwarsa ta ƙarshe.

Da lif ya buɗe a hawa na tara, Gjoni na tsaye bakin ƙofata da jakar kayan aikinsa. Ƙarar tana saukowa ta cikin bango, ko kurma zai ji ta a tafin ƙafarsa.

"Yaya, Madam? In hau?"

"Bari kawai. Tsohon tabo ne, ka samo mai fenti."

Ya ɗaga kai ya saurara, ya dube ni.

"Wannan ƙarar fa?"

"Wace ƙara?" na ce, ina laluben mabuɗi. "Ni ban ji komai ba."