Cigiyar Mai Agwagwa

Shekarar da kamfanin waya ya kawo wa Haɗeja sabon sabis, wanda ake ce wa tiri-ji, Shu'ibu yana cikin mutanen farko da suka sayi layin. Ma'aikacin gandun daji ne a Baturiya, aikinsa zagaya fadama da hana maharba taɓa tsuntsaye. Da yake ya gama sakandare, shi ne mai karanta wa mutanen ƙauyensu takardar asibiti da duk wani abu da aka rubuta da Turanci.

Wata rana ya shiga gari kai rahoto ofis, sai ya tarar da motar talla a bakin kasuwa, an ɗora mata lasifika. Wani mai zaƙin baki yana ta rantsuwa cewa da wannan sabis ɗin mutum zai aika hoto Makka kafin ya ƙifta ido. Aka gwada a gaban jama'a, aka ɗauki hoton wani mai rake, aka tura wa abokin aikinsu a Kano, nan take ya kira ya faɗi kalar hular mai raken. Shu'ibu bai bar wurin ba sai da sabuwar waya da sabon layi a aljihu.

Da ya isa gida ya ciro ta zai nuna wa matarsa Huseina, sai ya ga rubutun 3G da ke saman wayar ya ɓace, wani harafin E ya zauna a gurbinsa. Kira yana shiga, amma shafin intanet sai ya yi ta juyi kamar jakin da aka ɗaure a turke. Huseina ta leƙa, ta ga fari fat, ta koma kan tukunyarta. Wannan juya bayan ya fi masa ciwo a kan a ce dariya ta yi.

Sati uku wayar tana aikin da tsohuwar ma take yi. Sai ranar wata Talata da hantsi, kawunsa Ari ya aiko a kira shi.

Kawu Ari masunci ne, ɗan wajen shekara saba'in, iyayensu daga gabas suka taso, har yanzu harshensa bai rabu da Barbarci ba. Mutum ne mai tsantseni. Ko kifi ya tarar a ragar wani yana neman ruɓewa, ba zai taɓa ba sai ya nemo mai ragar. Shu'ibu ya same shi a tsugune a gindin tsamiya, gabansa kwando a kife, an danne da dutse.

"Sannu da rana, Kawu. An ce kana nemana."

"Ɗaga ka gani."

Shu'ibu ya ɗaga gefen kwandon. 'Yar ƙaramar agwagwar ruwa ce, irin waɗanda ke sauka fadama garke-garke idan sanyi ya shigo, mai farin zane a saman ido. Ta maƙale a ragar Kawu Ari ne da asuba. A ƙafarta ta dama akwai zoben ƙarfe, an buga masa lambobi da ƙananan haruffa.

"Da na so in yanka," in ji Kawu Ari, "har na wasa wuƙa. Sai na ga wannan. Wanda ya sa wa dabba alama, tasa ce. Wannan tsintuwa ce, ɗan nan, sai an yi cigiya."

Shu'ibu ya yi murmushi. A wajen horon aiki an taɓa gaya musu cewa masu binciken tsuntsaye a ƙasashen Turai ne ke sa irin wannan zobe, don su san inda tsuntsu yake zuwa. Ya yi wa kawunsa bayani, ya ce a sake ta kawai.

"Kai ka ji daga bakin mai ita?"

"A'a, Kawu, amma haka tsarin yake."

"To, in na sake ta wani ya harbe, gobe kiyama wa za a tambaya? Ba ka ce wayarka tana kai magana ko'ina a duniya ba? Ga rubutu nan a jiki. Tambaye shi."

Shu'ibu ya kai zoben kusa da ido. Lallai bayan lambobin akwai adireshin wani shafin intanet. Ya kwafe a takarda, ya ɗauki hoton ƙafar da zoben, sannan ya gwada buɗe shafin nan a gindin tsamiya. Bai buɗu ba. Ya hau tudun makabarta, ya ɗaga wayar sama, bai buɗu ba. Ya shiga kwalekwale har tsakiyar ruwa inda ba bishiya, nan ma harafin E ya tsare shi da ido. Da la'asar ya dawo a gajiye, Kawu Ari bai zolaye shi ba. Cewa ya yi kawai ya zuba wa agwagwar gero da tsakin shinkafa, ta ƙi ko kallo.

Washegari da sassafe Shu'ibu ya hau babur ya nufi Haɗeja. Tun a hanya yake haɗa maganganun da zai faɗa wa mutanen kamfanin, ransa a ɓace. Ofishin nasu ɗan shago ne mai fanka ɗaya, da benci cike da masu jira. Da layi ya zo kansa, ya tarar da wata mata a bayan tebur, an rubuta sunanta a ƙirji, Bara'atu.

"Malama, ni dai yaudarata aka yi. An ce min hoto zai je Makka kafin in ƙifta ido. Yau kwana ashirin da biyu ina ƙiftawa."

Ta danne dariya, ta karɓi wayar ta duba. "A ina kake zaune, Malam?"

"Gaba da Baturiya kaɗan."

Ta yi ajiyar zuciya, ta jawo wata takarda daga aljihun tebur, taswirar garin ce an zana da'ira biyu da jan biro. "Ka ga nan da nan? Ƙarfen sabis biyu ne kaɗai aka ɗora wa sabuwar na'urar, ɗaya wajen kasuwa, ɗaya wajen gada. Kana fita daga da'irar nan ka koma tsohon sabis. Wayarka lafiyarta lau."

"Mai tallan bai faɗi haka ba."

"Bai faɗa ba. Gaskiya ba a kyauta muku ba, kai ne na tara da ya zo min da wannan kuka a satin nan."

Shu'ibu ya zo da shirin faɗa, sai ya rasa da wanda zai yi. Ya tambaya yaushe za a kai musu. Ta ce in ta sa masa rana ta yi ƙarya, ita ma ba ta sani ba. Daga nan ta tambaye shi abin da yake son aikawa da gaggawa haka. Da ya ba ta labarin agwagwa da Kawu Ari, sai ta ajiye biro ta saurara har ƙarshe, duk da masu jira sun fara tsaki. Ta buɗe masa adireshin imel, ta nuna masa yadda zai rage nauyin hoton.

"Kar ka tsaya a kasuwa," ta ce, "mutane sun yi wa ƙarfen yawa. Je ka bakin gada. In ka ga ya tsaya, kar ka taɓa komai, ka yi haƙuri da shi."

A bakin gada ya jingine babur, ya tsaya a rana. Ƙasa da shi mata suna wanki, motocin shinkafa suna wucewa gadar tana rawa. Shafin ya buɗe, abin da bai taɓa gani a wayarsa ba tun ranar da ya saye ta. Ya cike gurbin lambar zobe, da ranar da aka kama, da sunan wuri. Wajen da aka tambayi halin da tsuntsun yake ciki ya rubuta cewa tana raye a ƙarƙashin kwando, kuma wanda ya kama ta yana son sanin ko mai ita yana buƙatar abarsa. Ya danna aikawa. Wani siririn layi ya fara cika, ya kai rabi, ya wuce, saura ƙiris sai sabis ya ɗauke, duk abin da ya rubuta ya goge. Ya sake daga farko. Na biyu ma haka. A na uku ya riƙe wayar da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, ko numfashin kirki bai yi ba, har ta nuna saƙo ya tafi.

Sai ya koma inuwar wata bishiyar maina ya zauna jiran amsa. A zatonsa kafin azahar za ta zo. Ya yi sallar azahar a masallacin bakin hanya, ya sayi rogo da ƙuli ya ci, ya duba, babu. Ya yi la'asar, babu. A nan zaune ya fara lissafin abin da bai taɓa kawowa a ransa ba. Saƙon dai ya isa, watakila tun kafin ya sauke hannu. Amma can ɗin ma mutum ne zai buɗe, mai nasa uzurin, mai yiwuwa yana gona ko yana jinya, ko kuwa saƙonni ɗari ne a gabansa. Mai talla ya sayar masa da saurin hanya ne, bai ce zai sa wanda ke ƙarshen hanyar ya yi sauri ba. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya kama hanyar gida kafin rana ta faɗi.

"Me ya ce?" Kawu Ari ya tambaya tun kafin ya kashe babur.

"Cigiya ta isa, Kawu. Amsa ce ba ta zo ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ɗaga kwandon, agwagwar ta lafe a gefe guda, ta cusa baki cikin fiffike, geron jiya yana nan yadda aka zuba.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba, Shu'ibu ya ji sallama a ƙofar gida. Kawu Ari ne, rungume da agwagwar a cikin tsohon rawani.

"Zo ka raka ni, ka zama shaida. Kwana biyu ba ta ci ba. In na riƙe ta don mai ita, gawa zan ba shi. Cigiya dai mun yi. In ya zo nema, ka gaya masa a ruwa na same ta, a ruwa na mayar."

Suka tura kwalekwale ta cikin ciyawar kacalla har inda ruwa ya buɗe, inda 'yan'uwanta ke kiwo can nesa. Kawu Ari ya yi bisimilla ya ɗora ta a kan ruwa. Ta daɗe ba ta motsa ba, har Shu'ibu ya fara tsoron sun makara. Sai ta tsoma baki, ta girgiza jiki, ta yi iyo a hankali ta shige duhun ciyawa. Ba su ga tashinta ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka aiki ya sake kai Shu'ibu Haɗeja. Yana hawa gada wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Amsa ce, kuma da ya duba ranar da aka rubuto ta, sai ya ga ta kwana shida tana jiran ya shigo cikin da'ira.

Wata dattijuwa ce daga ƙasar Holan, malamar makaranta da ta yi ritaya. Ta ce ita ta sa wa agwagwar zobe da hannunta shekara huɗu da suka wuce, a bakin wani tafki kusa da gidanta. Ta ce ta sa wa ɗaruruwa, amma ba ta taɓa samun labarin ko ɗaya daga Nijeriya ba sai wannan, kuma da ta karanta sai da ta kira 'yarta ta karanta mata. Agwagwar ba ta kowa ba ce, in ji ta, in tana raye a taimaka a sake ta. A ƙarshe ta roƙi a gaya mata sunan mutumin da ya ƙi yanka tsuntsuwa don yana ganin tana da mai ita.

Ta haɗo da hoto. Shu'ibu ya danna, hoton ya fara buɗewa daga sama, layi bayan layi: sararin sama mai toka-toka, sai kawunan wasu dogayen ciyayi, sai saman wata hular ulu. Daga nan ya tsaya. Ya jira, ya sake gwadawa har sau huɗu, bai ƙara ko layi ɗaya ba, ga batir ya yi ja. Haka ya koma gida da rabin hoto.

Ya sami Kawu Ari yana ɗinkin raga, ya fassara masa wasiƙar daki-daki. Da ya zo inda aka ce mace ce, tsohon ya ɗago kai.

"Mace? Ita ke shiga ruwa tana kama agwagi?"

"Haka ta ce, Kawu."

Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallon rabin hoton. "Su ma kacalla ta cinye musu ruwa ke nan," ya ce. Ya tambayi nisan garin. Shu'ibu ya ce ya ma fi nisan Makka. Kawu Ari ya dubi wajen fadama, inda garken agwagi ya taso yana kewaya ruwa.

"Shekara sittin ina cin naman tsuntsayen nan," ya ce a hankali, "ban taɓa tambayar daga ina suke ba."

Ya miƙa wa Shu'ibu wayar, ya gyara zama.

"Rubuta mata. Ka ce Ari ɗan Bukar, masunci, yana gaishe ta da iyalinta. Ka ce mun sake ta tun kafin izininta ya iso, ta yafe mana gaggawa. Ka kuma tambaye ta, can wajensu me suke ci? Don geronmu dai ta ƙi shi."

Shu'ibu ya rubuta yadda aka faɗa masa, bai rage komai ba. Ya adana saƙon a wayar, ya ce ranar kasuwa zai shiga gari ya tura. Kawu Ari ya ce to, ya ɗauki allurarsa ya ci gaba da ɗinki.