Gidan da Aka Rubuta Kango

Al'amarin ya fara ne a watan Fabrairun bana, lokacin da takardar harajin gida ba ta zo ba.

Tun rasuwar mahaifinta shekara shida da suka wuce, Bahijja ce ke biyan harajin gidansu na Shagari. Ita ma'aikaciyar jinya ce a Boɗinga, tana zaune a ɗakin haya kusa da wurin aikinta. A gidan na Shagari babu kowa sai Gwaggo Kulu, yayar mahaifinta, wadda ta haura shekara tamanin. Kowace shekara idan takardar ta iso, Saude maƙwabciyarsu ce ke ba direban motar haya, shi kuma ya kawo wa Bahijja. Ta hannunsa ita ma take aika gero da sabulu da maganin hawan jini. Tafiyar ba ta kai awa guda ba, amma rabonta da gidan ya kusa shekara biyu.

Da watan ya ƙare shiru, ta kira lambar da ke jikin takardar bara, ba ta shiga ba. Ranar Alhamis da ba ta da aiki, ta shiga mota da kanta zuwa sakatariyar ƙaramar hukumar Shagari.

Mai kula da harajin gidaje wani dattijo ne mai fara'a, Malam Haliru. Da ta faɗi abin da ya kawo ta, ya yi dariya, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga abin mamaki: kowa na zuwa roƙon a rage masa, yau ga wadda ta zo ƙorafin an manta da ita. Ya buɗe rajista yana bin layi da yatsa har ya kai ga sunan mahaifinta. An ja jan layi a kai, a gefe an rubuta kalma guda.

"Kango ne, Hajiya," in ji shi. "Ba mu aza haraji ga kango. Allah ya hutasshe ki."

Ta ce masa akwai mutum a ciki.

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ce shi da kansa ya zagaya unguwar da damina, kuma kwana uku a jere yana komawa gidan. Ciyawa ta kai gwiwa a bakin zaure, gara ta cinye rabin ƙyaure. Kowace rana ya yi sallama sau uku kamar yadda addini ya koyar, ya saurara, bai ji ko motsin kaza ba. Shi kuwa namiji ne, ba ya wuce zauren mutane ba tare da izini ba. Idan tana son a gyara, zai koma. Abin da yake bukata kawai shi ne a amsa masa daga ciki.

Daga sakatariya ta hau keke mai ƙafa uku. Ciyawar da ya faɗa tana nan, ta bushe a tsaye, babu sawun kowa a cikinta. Bahijja ta tsaya a zauren da mahaifinta yake karatu da abokansa, ta yi sallama. Ta sake. Ta yi ta uku. Babu abin da ta ji sai kukan kurciya a kan katanga. Ta shiga tana ambaton Allah a zuciyarta, tana shirya kanta ga abin da ta saba gani a wurin aiki.

Tsakar gidan duk ciyawa ce, sai siririyar hanya guda da ƙafa ta fitar: daga ɗakin Gwaggo zuwa randa, daga randa zuwa wata kafa a jikin katanga wadda mata ke bi su shiga gidan Saude. Gwaggo Kulu na zaune a ƙofar ɗaki bisa tabarma, carbi a hannu, fuskarta na kallon zaure. Leɓɓanta na motsi. Sai da Bahijja ta durƙusa, ta kai kunnenta dab da bakin tsohuwar, sannan ta ji.

"Na amsa miki, ɗiyata. Tun kina zaure nika amsawa."

Muryar ta tafi ne tun wani zazzaɓi na bara, saura iska kawai. Da ita Gwaggo ta ba ta labari, a hankali, tana hutawa. Da damina wani bawan Allah ya zo kwana uku. Duk ta amsa, har ta ce ya shigo ya sha ruwa, ya juya. Bayansa wani ɗan uwa daga Dandin Mahe ya zo gaisuwa, ya yi sallama ya gaji, ta ji yana ce wa abokin tafiyarsa Allah shi jiƙan mutanen gidanga. Tun ranar, duk wanda ya yi sallama ya tafi, sai ta ɗora hannu a ƙirjinta ta ji ko yana bugawa.

"Malamai na cewa mamaci shina jin takun masu komawa bayan an rufe shi. Ni ma shi nika ji, Bahijja. Takun masu komawa."

Bahijja ta kasa ɗaga kai. Ta ce a haɗa kaya yau ɗin nan, su tafi Boɗinga tare. Sai Gwaggo ta tambaye ta abin da ya kawo ta, alhali ba salla ba, ba rasuwa ba. Bahijja ta so ta ce kewa ce. Ba ta iya ba. Ta faɗi gaskiya: takardar haraji ce ba ta zo ba, kuma an rubuta gidan kango.

Kafaɗun tsohuwar suka girgiza, dariya ce marar sauti. Ta ce ai mutumin bai yi laifi ba, ladabi ya yi. Amma ita ba ta zuwa ko'ina. A ɗakin nan aka haife ta, a nan aka wanke iyayenta da ƙanenta, kuma ranar da ta fita, abin da ya rubuta ya zama gaskiya.

Suna haka Saude ta sunkuyo ta kafar katanga da kwanon fura. Ta yi murna, ta yi wa Bahijja tsiya cewa ashe likitocin Boɗinga sun san hanya. Da suka keɓe kusa da randa, ta rage murya. Ta ce ita safe da maraice take leƙowa, tsakanin nan tana gona ko kasuwa. Sau biyu ta tarar da Gwaggo ta faɗi a hanyar randa, ba ta san tun yaushe ba. Katanga guda ce tsakaninsu, amma ko tana gida ba za ta ji kira ba.

Bahijja ta yi alwala, ta buɗe ɗakin mahaifinta, ta kakkaɓe wuri ta yi sallar la'asar. Bayan ta idar ta daɗe zaune. Daga nan tana hango Gwaggo, wadda ta sake juya fuskarta wajen zaure, tana saurare.

Bahijja ta kira mai gidan da take haya ta ce masa za ta saki ɗakin a ƙarshen wata. Daga Shagari za ta riƙa zuwa aiki.