Kwalar Rigar Issifou

Moumouni ya zagaya tef ɗin awo a wuyan Issifou, ya duba lambar, ya sake zagayawa, sai ka ce tef ɗin ne ya yi masa ƙarya.

"Ɗaga haɓarka," in ji shi.

"Na ɗaga mana. So kake in ƙirga kwanon rufin shagonka?"

Santimita arba'in da uku. Moumouni ya ɗauki alli ya juya ga bango, inda yake rubuta awon mutanen Zongo a ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa da ba shagon da ke rasa shi. Gaban sunan Issifou akwai lambobi biyu: talatin da takwas na shekarar da ya dawo daga karatu, arba'in na Sallar bara. Ya ƙara ta uku. Ƙugu kuwa baya yake ta yi, har bel ɗin mutumin ya sami sabon huji.

Bara da ya ga wuyan ya ƙaru, cewa ya yi a ransa jin daɗi ne. Injiniya a Tashar Jirgin Ruwa, gida a unguwar Djidjolé, farar mota, me zai hana wuya kauri? Kuma ya ji haushin abin har cikin ransa, don shi da Issifou a tabarmar allo ɗaya suka tashi, benci ɗaya suka zauna a makarantar boko, mota ɗaya ta kwashe kayan iyayensu ranar da aka rushe tsohon Zongon Lomé aka watso su nan bayan unguwar Agoè. A lissafi ma Moumouni ne kan gaba. Amma a watan da aka raba guraben karatu na ƙasar Rasha mahaifinsa ya rasu, ya bar masa keken ɗinki da bakuna shida. Issifou ya hau jirgi zuwa Kiev, shi kuwa ya hau keke. Shekara bakwai ke nan yana taka shi, kuma duk takun da ya yi sai ya tuna.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne Zaituna, 'yar Alhaji Sulemana, wadda ke sayar da atamfa a rumfar uwarta a babbar kasuwa. Shekaru tana kawo masa ɗinkin abokan cinikinta, shekaru yana shirya maganar da zai faɗa mata, kuma kullum in ta shigo abin da ke fitowa daga bakinsa shi ne, "Hannu dogo ko gajere?" Issifou ya dawo, cikin wata uku ya faɗi abin da shi ya kasa. Ranar Lahadi za a ɗaura aure. Gobe Juma'a kuma, bayan an sauko daga masallaci, ango zai je gaida Alhaji tare da kawunnansa, sanye da farar shaddar da Alhajin ya aiko masa da kansa. Ga ta nan kan tebur, kuma a duk telolin Lomé ba a ga wanda za a kawo wa ba sai Moumouni.

"Kaftani nake so, amma ka sa masa kwala," in ji Issifou. Muryarsa a dishe take, kamar mai fama da mura. "Doguwa, mai tsayuwa. Ta rufe har nan."

"A wannan zafin? Ko sanyin Rasha ne ya biyo ka?"

Issifou bai yi dariya ba. Ya leƙa ƙofa, sannan ya kwance maɓallin rigarsa na sama, ya kama hannun Moumouni ya ɗora a gefen maƙogwaronsa. Wani ƙulli ne mai tauri, ya kai ƙwan zabuwa, yana hawa yana sauka in ya haɗiyi yawu.

"Maƙoƙo ne?" Moumouni ya tambaya yana janye hannu.

"Da ma shi ne." Issifou ya zauna kan benci. "Ka tuna tashar nukiliyar da ta fashe muna can? Chernobyl. Na ce muku ina Kiev, nesa da wurin. Ba haka ba ne, mon frère, ɗan'uwana. Abokina Mikola ya kai ni ƙauyensu hutu, kusa da tashar. Uwarsa tana da saniya guda. Tsohuwar ta ga baƙo daga nesa, ta ce na rame, ta riƙa ɗura mini madara da ɗuminta safe da yamma. Kwana tara. Ba mu ji ƙara ba, ba mu ji wari ba, ciyawa kore shar. Ashe gubar ta sauka kan ciyawar, saniya ta ci, mu mun sha. Sai a rana ta tara motoci suka zo kwashe mutane."

"Shekara huɗu fa ke nan."

"Ita ba ta sauri. An yanka wuyan ƙanwar Mikola bara, shekarunta goma sha ɗaya. Shi kuma na rubuta masa sau uku, shiru." Ya mayar da maɓallin. "Dokita ya ce sai an yi aiki. Amma Alhaji bai sani ba, kuma ka san Zongo. In ya gani gobe, kafin la'asar an ce 'ya'yana za su zo da kai biyu. Zai fasa, Moumouni. Shi ya sa na kawo maka. Kai ne nawa."

Moumouni ya ce Allah ya sawwaƙe, kuma da gaske ya faɗa. Ya raka shi har bakin mota, ya tsaya yana kallon yadda yake juya jiki gaba ɗaya in zai waiga.

Tausayin ya kai shi har azahar. Bayan ya idar da salla ya ci shinkafa da wake, ya shimfiɗa shaddar a tebur, sai wani tunani ya zo ya zauna kusa da shi. Ba da sunan kishi ya zo ba, ai kishi ya fi haka wayo. Da sunan gaskiya ya zo. Yarinya ce fa za a aurar wa mutum mai guba a jiki, ba ta sani ba, ubanta bai sani ba. Wanda ya ɗinka kwalar da ta rufe wannan, ba da shi aka yi yaudarar ba? Moumouni bai taɓa jin kansa mai tsoron Allah kamar a wannan lokacin ba.

Kuma ba sai ya buɗe baki ba. Ba wanda zai ce ya kai gulma. Tela ne, telolin duniya kuwa an san su da mantuwa da saɓa alkawari. Zai yanka wuyan a zagaye, mai faɗi, irin na tsofaffi, ya aika da rigar ana kiran sallar Juma'a, lokacin da ba halin gyara. Issifou ba zai iya zuwa gaban Alhaji da wata riga ba, sai wadda Alhajin ya ba shi. Sauran aikin idon Alhaji zai yi.

Ya zana da alli. Ya ɗauki almakashi ya fara yanka. Shadda mai kyau tana da wata ƙara in ana yanka ta, kuma ya ji daɗin ƙarar. Guntun ya faɗi ƙasa, ya ture shi da ƙafa ƙarƙashin tebur, ya hau keke. Ya daɗe bai yi ɗinki mai tsabta kamar wannan ba.

Ana idar da la'asar Zaituna ta yi sallama. Daga kasuwa take, ƙafafunta duk jar ƙasa, jakarta a hammata.

"Yaya Moumouni, sannu da aiki. Ba zan daɗe ba." Ta ciro wani farin ƙyalle a ninke ta ajiye a tebur. "Na zo roƙo ne. Kwalar nan da ya ce ka sa masa, ka yi mata shafi da wannan ta ciki. Shaddar Baba tana da sitaci, za ta goge masa wurin, in ta goge shi kuma tari yake yi. Shi ba zai faɗa maka ba, kunya yake ji."

Moumouni ya dubi ƙyallen. Tsohon mayafinta ne, ya san shi, shi ya dajiye masa baki shekara uku da suka wuce. An wanke shi har ya yi laushi kamar auduga.

"Wane wuri?" ya tambaya.

"Ya ce ya nuna maka da safe."

"Kin sani?"

"Tun kafin ya aiko kawunnansa. Ranar da ya ce yana sona, ranar ya ɗora hannuna a kai, ya ce in je in yi tunani wata guda. Kwana biyu na yi." Ta ɗan yi murmushi. "Ni nake raka shi asibiti. Mama tana zaton sarin kaya nake zuwa."

Tana magana idonta ya kai kan rigar da ke rataye a bayan keke. Ta ɗauko ta, ta ɗaga, ta bi wuyan da yatsa a hankali tun daga kafaɗa har kafaɗa. Wadda ta tashi cikin yadi ba a yi mata bayanin yanka. Ta juya cikin rigar ta duba ɗinkin, ta ga an dajiye bakin wuyan, an goge, an gama.

"Mantuwa na yi," in ji Moumouni. "Aiki ya yi yawa."

"Shekara nawa ina kawo maka ɗinki? Ko maɓalli ba ka taɓa mantawa ba." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Wannan ba mantuwa ba ce, Yaya Moumouni."

Ya sunkuyar da kai yana juya allin da ke hannunsa. A waje mai koko tana kiran ciniki.

"Na ɗauka ba ki sani ba," ya ce. "Na ɗauka cutar ki za a yi."

"Da ka tambaye ni. Rumfarmu ba ta tashi daga inda take ba." Ta ninke rigar ta ajiye. "To, a ce Baba ya gani gobe, ya fasa. Sai me? Kana zaton nan zan zo?"

Ashe ta san wannan ma. Shekara bakwai yana ɓoye abu, ashe a fili yake kamar awon da ke bango. Kunya ta rufe shi.

"Bayan biki za a yi masa aikin," in ji Zaituna. "Dokita ya ce mai yiwuwa muryar ta tafi gaba ɗaya. Shekara nawa suka rage, bai sani ba. Haihuwa, bai sani ba. Ni ma ban sani ba, kuma ina jin tsoro, kar ka ga kamar ba na ji. Baba zan faɗa masa da bakina in an ɗaura, ya yi faɗan da zai yi. Amma ina so in zama matarsa tun yana da muryar da zai kira sunana." Ta gyara jakarta. "In ba za ka iya ba, ba ni rigar in kai wa wani. Ba zan gaya masa ba. Yana ganin ba shi da kamarka."

"Bar rigar," in ji Moumouni.

Ta dube shi, ta dubi mayafin da ke tebur, ta fita ba ta ɗauka ba.

Gyara abin da aka yanka ya fi yankawa wuya. Moumouni ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin tebur ya zaro guntun, ya kaɗe masa ƙura. Ya farke bakin wuyan zare-zare, ya mayar da guntun mazauninsa, ya bi mahaɗin da farin aiki siriri har ya zama kamar ado aka yi niyya tun farko. Shaddar da ta rage ba ta isa kwala ba, sai da ya rage tsawon aljihu biyu. Sannan ya yanka mayafin Zaituna ya shimfiɗa ta ciki, ninki biyu a gefen hagu inda ƙullin yake. Ba don zuciyarsa ta wanke ya yi ba. Yana ɗinki yana jin haushin Issifou kamar da safe, ko ma fiye.

Rana ta yi ja lokacin da ya yanke zaren ƙarshe. Al'adarsa ce ba ya sallamar kwala sai ya ji yadda take a fata, don haka ya tura ƙofa, ya tuɓe rigarsa ya zura ta ango, ya ɓalle maɓallin a gaban madubi.

Shafin ya kwanta masa a bayan wuya, da laushi, da ɗan ƙamshin turarenta da wanki bai fitar ba. Ɗinkin ba makusa, ko Alhaji da gilashinsa ba zai ga komai ba. Sai dai kwalar ta yi masa yawa. Ya zura yatsa uku tsakaninta da maƙogwaronsa, suka shige ba tare da sun taɓa komai ba. Lafiyayyen wuyansa bai cika ta ba.

Ya yi kishin karatun mutumin nan, ya yi kishin motarsa da gidansa, bai taɓa zaton zai tsaya gaban madubi yana kishin ciwonsa ba. Ladan ya fara kiran magariba. Moumouni ya cire rigar, ya hura gawayin dutsen guga, don gobe da sassafe zai kai ta Djidjolé da kansa.