Hannun da ke Shafi na Arba'in

Marin Gimba na farko ya tuntsurar da Muniratu daga kujerar roba, na biyu kuwa a ƙasa ya same ta. Mutanen da ke kafen intanet na unguwar Sauka Kahuta suka yi ta kansu. Edward mai kafen ma ya sulale kamar an aike shi, kuma yana da dalili: shi ya buga mata aikinta na kammala karatu, shi kuma ya sayar wa Gimba kwafinsa a ɓoye.

"Tashi ki goge shi!" in ji Gimba, ƙarti biyu na tsaye a bayansa.

Ajinsu ɗaya. Da ƙarfe biyu na ranar nan kwamitin makaranta zai zauna a kan ayyuka biyu masu kama ɗaya, kuma wanda aka kama da sata korarsa za a yi. Hujjar Muniratu ita ce bulog ɗinta, wato shafinta na intanet, shi Gimba ke so ta goge. Shekara guda cur tana hawa motar Paiko duk Asabar, tana auna yadda doya ke ruɓewa a rumbunan manoma, ta dawo ta sa abin da ta gano a intanet da kwanan wata, duk mai so ya karanta. Ƙawayenta sun sha ce mata wauta ce mutum ya shanya garinsa a bakin hanya.

"Gimba, gumina ne. Ka ji tsoron Allah."

Ya damƙi mayafinta, ya buga goshinta da tebur. Jini ya rufe mata ido ɗaya. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Tana kuka ta shigar da lambar sirrin, ta danna wurin gogewa da kanta, aikin shekara ya ɓace. Ɗaya daga cikin ƙartin ya maka kwamfutarta da bango. Da ta kai hannun hagu za ta tattara ɓaraguzan, Gimba ya ɗora takalminsa a kai ya murza, har sai da ta ji wani abu ya ce ƙas.

A wani kemis na unguwar Shango aka naɗe mata hannun. Mai kemis ya ce asibiti ya kamata ta nufa, ita kuwa ta tare acaɓa ta ce makaranta.

Dakta Rose, shugabar kwamitin, ta dubi goshin Muniratu, ta dubi Gimba da ya sha farar riga yana murmushi.

"Ina bulog ɗin da kika ce?"

"An goge shi, Malama."

"To, me ya rage miki?"

"A buɗe aikinsa, shafi na arba'in."

Aka buɗe. Hoton doya ne mai baƙin tabo, da hannu shimfiɗe a gefenta. Muniratu ba ta da abin awo a gona, don haka hannunta take ajiyewa kusa da kowace doya a ga girmanta. Gimba kuwa, da yake bai damu ya duba cikin aikin ba, sunan bango kawai ya canja.

"Wa ya ɗauki hoton nan?" in ji Dakta Rose.

"Ni, Malama. Hannuna ne ma."

Muniratu ta sa haƙori ta warware bandejin, zafi na ratsa ta har ƙeya. Tun tana firamare take ɓoye hannun nan cikin mayafi saboda tsokanar yara. Yau ta shimfiɗa shi a kan tebur kusa da hoton, a kumbure, jini ya bushe a kai. Ga cindonta nan, ƙaramin yatsa na shida a gefen ɗan autan, daidai inda yake a hoton.

Murmushin Gimba ya tsaya. Dakta Rose ta gyara tabarau, ta ce ya ɗora nasa hannun. Bai motsa ba.

"Ƙirga, Gimba," in ji Muniratu a hankali. "Ɗazu da ka taka su ba ka tsaya ƙirgawa ba."